Ina son rubuta littafin soyayya mai ƙamshin tatsuniya, ta ina zan fara?

Tambaya daga wata ɗaliba a Agege, Legas: Assalamu alaikum Malama. Shekaruna 18, na gama sakandare ina zaman jiran gurbin jami'a. Na karanta littattafan matasa na Turanci da yawa a waya, irin waɗanda yarinya take faɗawa soyayya da ɗan sarkin aljanu ko yariman da aka yi wa asiri. Ina son in rubuta irinsu da Hausa, amma duk abin da na rubuta sai ya fito kamar fassara. Ƙawata kuma ta ce wannan ba al'adarmu ba ce, wataƙila ma da zunubi a ciki. Ga shafukan farko na haɗo miki. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sa a samu gurbin, ya sa albarka a karatun. Na karanta shafukan, alƙalaminki yana da daɗi, kin iya jan zance. Abin da ya sa kike jin warin fassara shi ne kayan ado kika kwaso daga littattafan nan, fada mai dogayen hasumiyoyi, dusar ƙanƙara, rigar rawa mai jan ƙasa, kika baro abin da yake riƙe da su. Abin da yake riƙe da su kuwa sharaɗi ne. Duk littafin da kika karanta kika ji yana ƙamshin tatsuniya, ki koma ki duba, za ki tarar da wata doka guda da aka gindaya tun da wuri, kowa ya ji ta, an kuma san ranar da aka taka ta sai wani ya biya. Ki dawo gida kafin sha biyun dare. Kada ki haska fitila ki kalli fuskar mijinki. Duk ɗakunan gidan nan naki ne ban da wancan. Mai karatu yana jin dokar ya san za a karya ta. Abin da yake hana shi ajiye waya ya kwanta shi ne yaushe, kuma a kan wa za ta fashe. A shafukanki akwai yarima, akwai aljanu, akwai kallon-kallo, amma babu abin da aka hana kowa, shi ya sa labarin ya tsaya wuri ɗaya yana ta ado.

Su ma Turawan ba daga sama abin ya faɗo musu ba, a bakin tsofaffi da masu reno ya daɗe yana yawo kafin a rubuta. Charles Perrault ya buga tarinsa a Faransa a 1697, a ciki Sindirela da takalminta na gilashi suke. Labarin kyakkyawar da aka kai gidan dodo wata Bafaranshiya ce, Madam Villeneuve, ta fitar da shi a 1740, wata kuma, Madam Beaumont, ta taƙaita shi a 1756, kuma taƙaitaccen ne ya zagaye duniya. 'Yan'uwan nan biyu na Jamus, su Grimm, sun fitar da kundinsu na farko a 1812. Abin da marubutan littattafan matasa na Amurka da Ingila suke yi a yau, wato littattafan da ake nufin 'yan shekara 12 zuwa 18 da su, shi ne su ɗauko irin waɗannan tsofaffin labarai su shiga cikin zuciyar yarinyar. Tatsuniya ba ta da lokacin gaya miki abin da yarinya ta kwana tana saƙawa daren da ubanta ya miƙa ta ga dodo, jimla ɗaya ce an wuce. Littafi kuwa a wannan daren zai yi babi guda. Wannan gurbin da tatsuniya ta bari shi ne gonarki.

Ƙawar taki da ta ce ba namu ba ne, ki tambaye ta ko an taɓa ba ta tatsuniyar Ta-kitse. Kowane gari da yadda yake ba da ita, amma gangar jikinta ɗaya ce. Wata tsohuwa tana da sa mai ƙiba, sarki ya sa aka kama aka yanka, ita kuwa abin da ta tsira da shi kayan ciki ne da kitse. Ta kai gida ta adana, sai suka rikiɗa suka zama 'yanmata, wadda ta fi su kyau ita ce ta kitsen. Labari ya kai kunnen sarki, ya ce sai ya aure ta. Tsohuwa ta ce ta ba shi, amma da sharaɗi: yarinyar nan ba ta shiga rana, ba ta zuwa kusa da wuta. Sarki ya amsa. Ran da ya yi tafiya kishiyoyi suka sa ta a gaba da gori, ke wace ce da ba za ki taɓa murhu ba, har ta fito ta kama aiki a bakin wuta, ta narke.

Ki tsaya ki dubi abin da yake ƙunshe a ɗan labarin nan. Sarkin da ya zalunci tsohuwa shi ne ya dawo yana roƙon abin da ya tsiro daga zaluncinsa. Amaryar ta san mijinta ne ya sa aka yanka bijimin da aka yi ta daga jikinsa? In ta sani, yafewa ta yi ko haɗiyewa take? Kishiyoyin nan da muka taso muna tsine musu, shekara nawa suka yi suna hura wuta hayaƙi yana cin idonsu, rana tsaka aka kawo wata aka ce ita inuwa kawai ta sani? Ita kanta Ta-kitse me ya fito da ita, alhali ta san za ta narke? Gorin ne ya yi mata ciwo, ko zaman ɗaki ne ya ishe ta har ta gwammace ta ga rana ko da sau ɗaya? Tatsuniyar ba ta amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, yara ne ake ba wa kuma barci yana jiransu. Ke ki zauna ki amsa su, kin samu littafi cikakke, kuma babu mai cewa kin fassaro.

Ba ita kaɗai ba ce. Akwai Daskin-da-Riɗi, saurayin da ya ce ba zai auri kowa ba sai wadda ta faɗi sunansa. 'Yanmata suka ci ado suka wuce tsohuwar da ta roƙi a cuɗa mata baya, sai wadda aka raina ce ta tsaya ta cuɗa, tsohuwa ta raɗa mata sunan. Akwai 'yar bora da aka tura neman ruwan Bagaja. Akwai budurwar da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba, ta ƙare a hannun wanda ba mutum ba ne. Wannan ta ƙarshen maƙwabtanki Yarabawa ma suna da irinta: Amos Tutuola ya saka ta a littafinsa na 1952, inda budurwa ta bi wani kyakkyawan baƙo daga kasuwa, a hanya ya riƙa mayar wa masu su gaɓoɓin da ya aro har ya rage ƙoƙon kai. In kina neman su a rubuce, Frank Edgar ya tara tatsuniyoyinmu cikin kundi uku tsakanin 1911 da 1913, Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ma ya fitar da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni. Amma kafin ki nemi littafi, in kakarki tana raye ki sa kati ki kira ta bayan isha'i, ki ce ta ba ki guda uku ki naɗa. Waƙoƙin da suke tsakiyar tatsuniya a takarda mutuwa suke yi, a bakinta za ki ji karinsu.

Aro kuma ba laifi ba ne. Abubakar Imam sunan Ruwan Bagaja ma daga tatsuniya ya ɗauko shi ya gina littafin da ya shiga gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933, a Magana Jari Ce kuwa ya aro daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, har da labaran su Grimm. Wa ya taɓa karantawa ya ji baƙon abu? Sarkin ciki sarkinmu ne, da wazirinsa da dogarai da fadawa masu cewa ran sarki ya daɗe. Ya kwance abin da ya aro ne ya sake ɗinkawa a jikin Bahaushe. Zanen aro in aka ɗaura shi yadda aka karɓo, shi ne ba ya rufe katara. A zamanin nan ma Tomi Adeyemi ta gina duniyar littafinta na 2018 a kan al'adun Yarabawa, babban birnin ma Legas ta sa masa, kuma duniya ta saya.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Kin kwashi labarinki kin kai wata ƙasa mai sanyi da ba ki taɓa takawa ba, alhali ke kanki tsakanin duniya biyu kike zaune. Hausawa sun daɗe a Agege, cinikin goro da layin dogo suka zaunar da su, layin da ya isa Kano tun 1911. Yarinyar da aka haifa a nan a cikin gida Hausa take yi, tana taka bakin titi ta koma Yarabanci da buroka. Akwai wani wuri da iyayenta suke kira gida, ita ba ta san shi ba sai da babbar salla, in ta je kuma a ce 'yar Legas ta zo, a riƙa dariyar Hausarta. Tsallakawa daga wata duniya zuwa wata shi ne abin da marubutan can suke wahalar ƙirƙira da ƙofofin sihiri, ke kuma motar dare kawai kike hawa.

Bari in yi miki gwaji ki ga yadda sharaɗi yake aiki, ba don ki ɗauka ba. A ce jarumarki mahaifinta dillalin shanu ne a Oko-Oba, ita take kai masa abinci da rana. Wata rana tirela ta sauke shanu daga arewa, a cikin yaran da suka rako su akwai wani saurayi marar surutu, wanda in ya ratsa tsakiyar shanu sai su yi tsit. Gefen rigarsa kullum a jiƙe yake. A Legas wa zai kula da jiƙaƙƙiyar riga? Sai da hunturu ya shigo, ƙura ta rufe gari, leɓen kowa ya tsage, sannan ta lura tasa rigar har yanzu tana ɗiga. Shi ne mai tsaron wata tsohuwar rijiya a wani ƙauye, gadon aikin ya yi daga mahaifiyarsa. Ga dokar: duk daren da ya kwana nesa da rijiyar, ruwanta zai ja baya kamu ɗaya. Ya zo ne da niyyar kwana uku. Ya ga yarinyar ya ƙara uku.

Kada ki gaya wa mai karatu dokar nan kai tsaye a babin farko. Ki sa kakar yarinyar ta riƙa kiran waya duk Juma'a daga ƙauye, tana tambayar karatu, tana ƙorafin ciwon gwiwa, can a ƙarshen hira ta ce, bana kam rijiyar bakin masallaci sai ƙara igiya muke yi. Juma'a ta gaba ta ce an sake ƙulla wata igiyar. Ta gaba ta ce yara sun fara zuwa ƙauyen gaba da jarka. Mai karatu zai haɗa lissafin kafin jarumar, kuma daga nan duk murmushin da su biyun suka yi wa juna sai gabansa ya faɗi, don ya san wa yake biya. Kin ga ba a kashe kowa ba, babu mugun waziri, babu yaƙi, amma soyayyar ta zama abin da ba zai yiwu a bar shi haka ba. In ya zauna tsohuwa ta rasa ruwa, in ya koma yarinya ta rasa shi. Sharaɗin da ya fi ƙarfi shi ne wanda asararsa take sauka a kan mutum na uku da jaruman suke ƙauna, don wanda zai cuci masoyan kaɗai da sauƙi za su ce sun ji sun gani.

Mafita ta uku dole ta kasance, amma sai kin shuka ta tun farko. A tatsuniyoyinmu taimako ba ya zuwa wa kowa a banza, wadda ta cuɗa bayan tsohuwa ita ake raɗa wa sunan. To ki sa jarumarki ta yi wani ɗan alheri a babi na biyu wanda ita ma ta manta da shi, wataƙila ta ɗora wa wata iya mai sayar da magungunan gargajiya kaya a ƙarƙashin gadar Pen Cinema lokacin da kowa yake gudun ruwan sama. Ranar da ta rasa yadda za ta yi sai ga iyar. Ko ita ma kada ta warware komai kyauta, hanya za ta nuna, yarinyar ce za ta biya da wani abu nata da ba ya dawowa. Mene ne abin? Wannan naki ne, ba zan ƙarasa miki ba.

Ita soyayyar kanta jinkiri ne yake ciyar da ita, kuma a nan mun fi Turawa arziki. Su sai sun sha wahala suke samo dalilin da zai hana saurayi da budurwa keɓewa. Mu muna da kunya, da yayye maza, da kawu, da maƙwabta. A gidan haya irin na nan, ɗakuna suna kallon juna a baranda ɗaya, babu zauren zance, duk wanda ya yi sallama gida ya ji. To a ina za su haɗu? Wannan matsalar ita ce za ta ba ki shafuka masu daɗi: ƙanwa 'yar aike da sai an ba ta toshiyar baki, gaisuwar da aka ja ta fi ƙima, daren da aka ɗauke wuta kowa ya fito waje shan iska. Ki sa ya riƙa ajiye mata ƙoƙon ruwa mai sanyi a kan katanga kowace asuba, ruwan da ta san ɗanɗanonsa amma ta rasa a ina ta taɓa sha. Wannan ƙoƙon ya fi runguma goma aiki.

Ki kuma ba su dalilin son juna da ya wuce kyau. A shafukanki kin yi layi bakwai kina kwatanta idon yarima da gashinsa, har na gama ban san me ya sa ita ce ya zaɓa ba. A gwajin nan namu, wataƙila shi ne mutum na farko daga arewa da bai yi dariyar Hausarta ba, ya kuma san waƙar da kakarta take yi mata tana ƙarama. Ita kuma, shi da aikinsa shayar da jama'a, ba wanda ya taɓa miƙa masa ruwa sai ita, ranar da ta gan shi a gajiye a gefen tirela ta ba shi ledar fiya wata. Don Allah kuma kada ki ba shi shekara 500 ita tana da 17, an saba yin haka a littattafan can amma ki tsaya ki yi tunanin abin da yake nufi. Ya zama shi ma yaro ne a cikin jinsinsa, sabon shiga aiki, mai iya yin wauta.

Sai maganar dodo, wadda nake yawan faɗa da marubutanmu a kanta. Littattafan da suke yawo a guruf-guruf cike suke da miskilin attajiri mai tsawa da mari da kulle mace a gida, wai daga baya so zai gyara shi. Masu rubutawa suna ganin labarin kyakkyawa da dodo suke bi. Ki je ki karanta na Madam Beaumont ki gani. Dodon nan kowane dare yana tambayarta ko za ta aure shi, ta ce a'a, ya juya ya tafi da baƙin cikinsa bai taɓa ta ba. Da ta roƙi zuwa duba mahaifinta ya sake ta, alhali ya san rashinta zai iya kashe shi. Sakin nan shi ne zuciyar labarin, don sai da ta samu 'yancin ƙin dawowa sannan dawowarta ta zama so. Masu kwaikwayo sun riƙe kurkukun sun yar da sakin. Muninsa a fuska yake, halinsa mai kyau ne; su kuma sun juya abin, kyakkyawar fuska da mugun hali, wanda in kin lura shi ne ainihin wanda tatsuniyar mai ƙin tabo take gargaɗin 'yanmata a kansa. Yarinya 'yar 15 da za ta karanta littafinki tana koyon yadda so yake kama ne, ko kin yi niyyar koyarwa ko ba ki yi ba.

Batun zunubi kuma kada ki yi wa ƙawarki dariya, tambayarta tana kan hanya. Fatawa ta malamai ce, ki kai wa malamar Islamiyyarku shafukan ta duba. Abin da zan gaya miki a matsayin mai gyaran rubutu shi ne iyakokin da addini ya sa su ne ma suke gyara irin wannan labari. Mun yi imani akwai aljanu, sura guda ce da sunansu, ta 72. Amma Alƙur'ani ya nuna ba su san gaibu ba: a Suratu Saba'i, aya ta 14, Annabi Sulaimanu (AS) ya rasu yana dogare da sandarsa, aljanu suna ta aikin wahala ba su sani ba sai da gara ta ci sandar ya faɗi. Marubuciyar da ta ba aljaninta sanin abin da zai faru gobe ta yi ɓarna biyu, ta taɓa aƙida, ta kuma kashe labarinta, don wanda ya san komai ba a jin tsoro dominsa. Haka sihiri, aya ta 102 a Baƙara ta ambaci masu koyon abin da suke raba miji da mata da shi. Kada jarumarki ta samu masoyi ta hannun boka, kada kuma ki mai da ayoyi kalmomin da ake karantawa dutse ya buɗe. Sarkin Rafi da Inna da Ɗan Galadima sunaye ne da masu bori suke kira da gaske, haka abubuwan bautar wasu maƙwabtanki Yarabawa. Ki bar musu kayansu ki ƙirƙiri naki halittun, ki ba su naki sunan. Kakanninmu ma da ƙurunƙus kan ɗan ɓera suke rufewa, su ce ba don Gizo ba da na yi ƙarya, don kowa ya tashi ya san almara aka yi.

Ki kuma sani ba duk littafin da aka yi wa bango mai furanni da kambin sarauta ne na matasa ba. Wani bincike da kamfanin Bowker ya yi a Amurka a 2012 ya nuna kashi 55 cikin 100 na masu sayen littattafan matasa sun kai shekara 18 ko sun haura, kuma kasuwa tana bin mai kuɗi. Jerin littattafan Sarah J. Maas da ya fara a 2015 da sabunta labarin kyakkyawa da dodo, a sashen matasa aka fara jera shi, daga baya aka mayar da shi na manya. A nan gida ma za ki samu masu rubuto miki cewa ki ƙara zafi. Ki tsai da mai karatu ɗaya a ranki tun yanzu, a ce ƙanwarki 'yar JSS 3, duk shafin da ba za ki iya miƙa mata ba ki cire.

Ƙarshen labari ba dole sai an sha biki ba. Masu son irin wannan littafi ba sa yafe wa marubucin da ya raba masoya har abada, wannan gaskiya ne, amma jarumar da take jiran jami'a alkawari mai ƙarfi ya ishe ta. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a mayar mata da abin da ta biya a shafin ƙarshe.

Wajen fitarwa, hanyoyin da kika sani su ne dai: Wattpad, dandalin sakin labarai a intanet da aka kafa a Kanada a 2006, da guruf na WhatsApp inda ake sakin shafukan kyauta sannan a koma na kuɗi. Ki ajiye kwafinki a wuri biyu ko uku da ke hannunki, don OkadaBooks, dandalin sayar da littattafai ta intanet da marubuta da yawa suka dogara da shi tun 2013, ya rufe a 2023. A dokar Najeriya haƙƙin mallakar rubutu naki ne daga lokacin da kika rubuta shi, amma hakan ba ya hana a yi ta tura shi ba izini, saboda haka ki sa sunanki a kan kowane babi. In kina son gwada hannu da gajere, BBC Hausa tana gasar Hikayata tun 2016, ki duba ƙa'idojin shekarar. Bikin littattafai na Aké kuma da aka fara a Abeokuta a 2013 ya dawo Legas tun 2018, a can za ki iya ganin marubuta da masu buga littafi ido da ido.

Babi 35 masu kalma 2,000 kowanne sun ba ki 70,000, kuma tsawon ya isa. Amma kada ki saki ko shafi ɗaya sai kin rubuta aƙalla rabi, kin kuma san ƙarshen. Dalilina shi ne da zarar masu karatu sun kamu da son jaruman za su cika miki waya da roƙo, Anti don Allah kada ki raba su, a haƙa wa ƙauyen burtsatse mana a huta. In ba ki riga kin yanke ba za ki ji tausayi ki sassauta dokar, daga ranar kuma su ɗin da suka roƙa su ne za su fara daina karantawa. Ki rubuta sharaɗinki a layi ɗaya, wa aka hana me, in ya karya wa zai biya, ki turo mini shi tare da sabon babin farko.